Kulocin Motar Tatsuro

Direban janwe, motar jan motocin da suka lalace, ya sassauta sarƙa a hankali, farar motar ta gangaro da baya har tayoyinta suka sauka a kan simintin garejin. Kinuyo na gefe, ta zura hannu ta tagar direba tana riƙe da sitiyari don kada motar ta karkace. Ba ta kalli ƙasa ba. Wani a filin tsere ya shimfiɗa shuɗin tawul a wurin da ƙafafun direba ke zama, kuma tun jiya tawul ɗin ya bushe ya yi tauri.

Direban ya miƙo takarda, ta danna hatiminta. Ya san mai motar, kamar yadda duk mai harkar mota a garin Numata ya san shi, don haka ya cire hula ya tambayi jikin Tatsuro-san. Ta gaya masa likitoci a asibitin birnin Maebashi sun yi awa shida a kansa, ransa ba ya cikin haɗari, amma ƙafar hagu an cire ta daga ɗan saman idon sawu. Da irin muryar da take karanta wa masu kayan gyara lambar kaya a waya ta faɗe shi. Mutumin ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, ita kuma ta tsaya tana jira ya gama don ta ja ƙofa, saboda feshin ruwan sama na shigowa.

Kinuyo Nagumo shekararta hamsin da biyu, talatin daga ciki a wannan garejin ta yi su, da farko a ƙarƙashin mahaifinsu, bayan rasuwarsa kuma ita ce mai wurin. Yawancin aikinta ƙananan motocin manoma ne da na tsofaffin unguwa. Tatsuro ƙanenta ne, ta ba shi shekara goma sha ɗaya. Ma'aikacin ofishin ruwa ne mai fita da farar riga da 'yar jaka, amma ranar Lahadi sai ya hau dutse zuwa filin tsere, inda shi da abokansa ke shiga kwana a guje su sa mota ta zame a gicciye, tayoyin baya na hayaƙi.

Motar tsohuwa ce mai ƙofa biyu, ta haura shekara talatin, an yi wa injinta ƙari har ƙarfinsa ya ninka abin da aka ƙera ta da shi. Irin wannan wasa kuwa kuloci yake ci, domin kafin bayan mota ya zame sai direba ya taka kuloci ya sake shi farat ɗaya alhali injin na kuka. Cikin shekara biyu Tatsuro ya cinye kuloci uku. Na ƙarshen ko wata biyar bai yi ba ya fara santsi yana ƙauri. Makonni uku da suka wuce Kinuyo ta sa masa na huɗu, mai haƙoran ƙarfe, wanda aka yi don irin wannan wahala, tare da sabon faranti, wato babban faifan ƙarfen nan da ke ɗaure a bayan injin, wanda kuloci ke kamawa. Jiya da rana, a kwana ta uku, wani abu ya fashe tsakanin injin da giyabos, ya huda ƙasan motar ya shigo daidai inda ƙafar hagu take.

Matarsa Mahoko ba ta taɓa son wasan ba. Da aka haifi 'yarsu ta yarda ya ci gaba bisa sharaɗi guda, cewa babu mai taɓa motar nan sai Yaya, wato Kinuyo. Jiya, suna zaune a ƙofar ɗakin tiyata, ta juyo ta yi tambaya ɗaya.

"Yaya, ke kika ɗaura shi?"

"Ni ce."

Mahoko ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta ta koma kujerar can ƙarshe. 

Noti takwas ne ke riƙe da faranti. Ƙa'idar Kinuyo ita ce ta bi su sau biyu, na biyun da sifanar awo wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai, sannan ta ɗiga wa kan kowanne fenti ruwan ɗorawa. Ranar da ta yi aikin, tana tsakiyar ɗaurin aka kira ta daga gidan kula da tsofaffi inda mahaifiyarsu take, wai tsohuwar ta ƙi cin abinci tana neman mijinta. Kinuyo ta yi wajen minti ashirin tana lallashinta a waya. Ta tuna lokacin da ta ajiye wayar, ta kuma tuna ɗaga giyabos da yamma. Abin da ke tsakani ne ya ɓace. Tun jiya take komawa wurin tana dubawa, babu komai. Ba tsoro take ji ba. Ta nemi tsoron ma ba ta same shi ba. Jikinta gaba ɗaya ya zama kamar leɓen da likitan haƙori ya yi wa allura.

Wayar garejin ta fara ƙara tun kafin ƙarfe tara. Wani saurayi da ya yi alkawarin kawo motarsa ranar Alhamis ya yi jaje, sannan ya ce aiki ya taso masa, zai sake kira. Wani ma haka. Na ukun manajan filin tsere ne, wanda ya yi ta ba da haƙuri kafin ya kai ga abin da ya kira dominsa: suna buƙatar bayani a rubuce kan abin da ya fashe, don hukumar filin za ta zauna. Ya ƙara da cewa ba wai yana zargin kowa ba ne, kayan ƙarfe ma suna gajiya. Ta ce masa za ta rubuta. Ta goge sunaye biyu daga allon aikin mako da gefen hannunta.

Baba Hiruma bai iso ba sai tara da rabi. Shekararsa saba'in da uku, tare suka fara aiki da mahaifinta, kuma tunda ta san shi bai taɓa makara ba. Ya jingine kekensa, ya tsaya a bakin ƙofa da rigar ruwa yana kallon farar motar. Bai yi zolayar da ya saba yi mata kullum ba, cewa ta sake kwana da kayan aiki shi ya sa har yanzu babu mai neman ta. Ya ce ina kwana kawai, ya shige ya sauya riga.

Suka ɗaga motar sama. Daga ƙasa ana ganin komai. Ƙoƙon giyabos, wanda ke rufe kuloci, ya tsage kamar tukunyar ƙasa, gefe guda babu shi sam. Akwai rami a ƙarfen ƙasan motar wanda dunƙulen hannu zai shige, bakinsa ya lanƙwashe zuwa ciki. Ma'aikatan filin sun tsince gutsattsarin da suka samu a kan kwalta sun zuba a kwandon roba, sun ajiye a kujerar fasinja, har da 'yar takarda mai cewa wannan ne iyakar abin da aka gani.

Kinuyo ta kwance salansa, ta kwance doguwar sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya, ta tsiyaye man giya a bokiti. Hannuwanta suna aikinsu ba sai ta gaya musu ba. Baba Hiruma na miƙo mata sifana kafin ta nema, kamar kullum, sai dai yau sau biyu sifanar na faɗuwa daga hannunsa. Wajen sha ɗaya suka tura jak a ƙarƙashin giyabos, ya tallafe shi, ta ja shi baya suka sauke. Ragowar kulocin ya zubo ƙasa da ƙara.

Ta ɗauki fitila ta haska bayan injin. Tsakiyar farantin na nan daram, ɗan zagaye kamar faɗin tafin hannu, sauran duk ya tafi. Noti takwas ɗin suna nan, babu wanda ya karye, babu wanda ya fita. Ta ɗauko sifanar awo ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya yi ƙas ba tare da ya motsa ba. Ɗaurin ya kai. Amma babu fenti a kan ko ɗaya.

Ta tsaya da fitilar a hannu. Abin da ya fara zuwa mata shi ne, ashe ta manta da fentin, kuma wadda ta manta da fenti tana iya manta wani abin. Sai ta kai yatsa wurin karayar. Ƙarfen toka-toka ne, da ɓarɓashi kamar tsakin masara. Farantin da ta sa na ƙarfen ƙira ne mai ƙyalli, irin wanda ko ya gaji sai dai ya lanƙwashe. Wannan kuwa na zubi ne, mai tsagewa. Ta sauko ta zazzage kwandon a kan tebur, ta juya gutsure mafi girma. Bayansa cike yake da siraran zobba, sawun injin feƙe ƙarfe, kuma an ci shi har kaurinsa bai fi na murfin littafi ba a wani wurin.

Ta san wannan farantin. A watan Afrilu Tatsuro ya shigo da shi naɗe a jarida yana murmushi. Tsohon faranti ne da wani mai injin feƙe ƙarfe a bayan dutse ya rage masa nauyi, wai don injin ya riƙa tashi da sauri idan an taka totur. Ta ɗaga shi ta duba ta mayar masa, ta ce wannan ba faranti ba ne, gurneti ne, kuma ba a garejinta ba. Ya yi dariya ya ce Yaya ta tsufa, ya mayar da shi but. Ta ɗauka maganar ta mutu a nan.

Da ta juyo, Baba Hiruma na zaune a kan wata taya, ya cire tabarau yana riƙe da shi a cinya.

Bai jira ta tambaya ba. Ya ce Lahadin da ta wuce waccan ne, ranar da ta tafi duba tsohuwa. Tatsuro ya same shi a gida ya ce farantin Yaya ya yi nauyi, motar ta zama kamar tarakta, kuma ko da taimako ko babu zai canza shi, in ya kama a ƙofar gidansa a kan bulo. Shi kuwa ya taɓa ganin mutumin da mota ta faɗo masa daga kan bulo. Sai ya ga gara a yi a nan, a kan injin ɗaga mota, a gaban idonsa. Ya buɗe masa garejin. Nata farantin yana bayan tarin tayoyin hunturu, a cikin kwalinsa.

"Ni na ɗaure notin, Kinu," in ji shi. "Sau biyu, yadda babanki yake yi. Fentin ne kawai ban sa ba. Naki ne, ban ga ina da hurumin taɓa shi ba."

"Ka duba farantin kafin ka ɗaura?"

"Na duba."

"Me ka gani?"

"Abin da kika gani."

Ta jira wani abu ya taso mata, ko fushi ko sauƙi, ko da kuka ne. Ba ita ba ce. Hannunta bai yi kuskure ba. Ta maimaita wa kanta haka kamar mai karanta sanarwa a bangon tasha, bai taɓa ta ba. Ruwa na ta sauka a kan kwanon rufi. Ta lura an bar bokitin man giya a hanya, ta je ta ɗauke shi.

Da ta dawo ta gaya masa abin da za a yi. Za su zuba gutsattsarin a buhu su haɗa da tarkacen da mai sayen ƙarfe ke ɗauka. A takardar filin tsere za ta rubuta cewa ɓarnar ta yi yawa, ba a iya gano dalili ba. Mutane su ɗauki abin da suka ga dama. Masu tsere za su daina zuwa, amma manoma ba ruwansu, za su ci gaba da kawo motocinsu. Mahoko ce za ta yi jinyar Tatsuro, ita za ta riƙe shi ya koyi tafiya, kuma zai fi mata sauƙi ta yi wa mutumin da aka cuta hidima a kan wanda ya yi mata ƙarya. Shi kuma Baba, a shekarunsa, ba ya buƙatar a riƙa nuna shi a kanti. Shawarar ba ta yi mata wuya ba ko kaɗan, kamar zaɓen lambar sifana.

Tsohon ya mayar da tabaransa. 

"Uku ne, Kinu."

"Me ne uku?"

"Farantin. Mai injin nan guda uku ya feƙe a lokaci ɗaya. Tatsuro ya ce shi da abokansa biyu suka haɗu suka karɓa."

Ta tambaye shi su wane ne. Ya ce bai sani ba, bai tambaya ba, kuma ko sunan mai injin bai riƙe ba. Masu zuwa filin nan sun fi arba'in. Ita kuma ta san ranar Laraba, wato jibi, ana buɗe filin don masu gwaji, kuma wasunsu da motar tseren suke zuwa aiki.

Baba Hiruma ya tashi, ya zaro makullin garejin daga zoben makullansa, ya ajiye a kan tebur kusa da gutsattsarin. Ya sunkuya mata sosai, abin da bai taɓa yi ba tun tana yarinya tana wasa da ƙwallayen ƙarfe a ƙarƙashin wannan teburin. Ta ce masa ya ɗauki makullinsa, akwai manomin da zai zo karɓar motarsa ƙarfe uku, kuma dole a sami mai kulle wurin ƙarfe biyar. Ta naɗe gutsure ɗaya a tsumma ta sa a aljihu, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta fita.

Tafiyar awa guda ce zuwa Maebashi a 'yar motar kayanta. Gonakin shinkafa sun cika da ruwa, shukar ba ta daɗe da kamawa ba. A hanya ta tsaya a wani kanti ta sayi dunƙulen shinkafa biyu saboda ta tuna tun jiya da safe ba ta ci komai ba. Ta ci rabin ɗaya a cikin mota, ba ta ji ɗanɗanonsa ba, ta naɗe sauran. Ta yi ƙoƙarin shirya yadda za ta samu Tatsuro shi kaɗai. Za ta ce Mahoko ta je ta huta, ko ta jira lokacin da za ta tafi ɗauko yarinya daga wurin kakarta. Sunaye biyu kawai take buƙata. Sauran ba sai an taɓa ba.

An mayar da shi ɗaki mai gado ɗaya a hawa na biyar. Yana kwance, fuskarsa ta yi fari, hannu ɗaya da robar ƙarin ruwa, ɗayan a naɗe saboda gilashi ya yanke shi. An sa wani ƙarfe kamar keji a ƙarƙashin bargo don kada ya taɓa ƙafar. Mahoko na zaune gefen taga da takardun asibiti a cinya tana cikewa. Ta miƙe ta ɗan sunkuya.

"Sannu da zuwa, Kinuyo-san."

Shekara goma sha biyu ke nan tana kiran ta Yaya, yau kuma ta kira ta yadda ake kiran baƙo.

Tatsuro ya buɗe ido. Maganin kashe zafi ya sa harshensa ya yi nauyi, amma ya yi ƙoƙarin murmushi. Ya tambaye ta ko ta zo da kayan gyara, don likita ya ce irin ƙafarsa an daina ƙera ta, sai dai ta kanti. Ta ce masa shashasha. Ya ce abin haushin ma babban yatsan ne ke masa ƙaiƙayi tun safe, ya rasa inda zai sosa. Babu wanda ya yi dariya. Idonsa ya sauka kan baƙin mai da ya rage a gefen farcenta, ya tsaya a nan.

Kinuyo ta ce wa Mahoko ko za ta sauka ta sha shayi, ita za ta zauna da shi. Mahoko ta ce ta gode, ta sha. Tatsuro ya ce yana son ruwan tuffa mai sanyi daga injin da ke ƙasa. Mahoko ta ce likita bai yarda ba tukuna. Ta rufe biro, ta ɗora hannuwa a kan takardun.

"In maganar motar ce, a yi a gabana."

Kinuyo ta kalli agogon bango. Biyu da kwata. Ta ja kujera kusa da gadon ta zauna. Ba ta fito da abin da ke aljihunta ba.

"Tatsuro, su wane ne sauran biyun?"

Yana iya cewa bai gane ba. Yana iya rufe ido ya bar wa magani laifin, kuma da ya yi hakan da ta tashi ta dawo gobe. Ta ga tunanin ya gifta a fuskarsa, domin tun yana ɗan shekara biyar ta san yadda bakinsa ke yi idan zai yi ƙarya. Ya kalli silin. 

"Sudo," in ji shi. "Da Kambe."

"Sun ɗaura?"

"Sudo ya ɗaura. Kambe ban sani ba, ya ce sai ƙarshen wata."

Mahoko ta ce sauran biyun me.  Tatsuro ne ya faɗa, a guntu-guntu, yana kallon sama: farantin da Yaya ta ƙi, ranar Lahadin da ya ce mata zai je taron ofis, garejin da ya sa tsoho ya buɗe masa. Ya ce Baba Hiruma ya hana shi har sau uku. Ya ce motar ta yi daɗi sosai bayan canjin, ya faɗi wannan ma, kamar ba zai iya barin sa ba. Mahoko ta saurara ba ta katse shi ba. Fuskarta ba ta canza ba, sai dai takardun sun zame daga cinyarta, ba ta kuma ɗauke su ba.

Da ya gama, ta buɗe jakarta ta fito da wayarsa. Ta nemo sunan Sudo, ta danna, ta zo ta kara masa a kunne tunda hannuwansa ba su da amfani. Tana riƙe da wayar, fuskarta na kallon taga. Sudo ya ɗauka nan take, ana jin muryarsa yana tambayar jiki. Tatsuro ya ce masa ya yi shiru ya saurara. Kada ya tayar da motar, ko daga gareji zuwa titi. Farantin ne ya fashe, ba aikin Yaya ba, ya kuma gaya wa kowa haka. Kambe sai a kira na uku ya ɗauka, daga wurin aikinsa. Ya ce ya ɗaura tun makon jiya, kuma motar na wurin ajiye motoci na kamfaninsu, da ita ya zo da safe. Kinuyo ta karɓi wayar ta ce ya koma gida a jirgin ƙasa, gobe za ta turo janwe.

Kinuyo ta miƙa wa Mahoko wayar. Tatsuro ya kira sunan matarsa. Ta mayar da wayar jaka, ta gyara masa bargo a kafaɗa, ta tsince takardun daga ƙasa ta jera su a kan durowa, ba ta kalle shi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta shigo auna zafin jiki, Kinuyo ta tashi ta ba ta wuri. Ta ce masa za ta dawo jibi. Ya ce, "Yaya," bai ƙara komai ba, ita ma ba ta jira ba.

Tana tsaye gaban lif ta ji takun silifas a bayanta. Mahoko ce. Kinuyo ta zaci haƙuri za ta ba ta, har ta fara shirya cewa babu komai. Amma Mahoko ba ta sunkuya ba. Ta tsaya kusa da ita, su biyun suna kallon lambobin da ke saman ƙofar.

"Da babu sauran biyun nan, da shiru za ki yi."

"E."

"Ki bar ni ina ƙin ki har ƙarshen rayuwata."

"Na ga zai fi miki sauƙi."

"Wa ya ce miki sauƙi nake nema?" Ba ta ɗaga murya ba. "Ke da shi da tsohon, kowa na yanke mini abin da zan iya ɗauka."

Kinuyo ta juyo ta dube ta. Ta ce mata dai jiya da ta yi tambayar nan, ita kanta ba ta san ko laifinta ba ne, kuma har yanzu ba ta tuna ranar ba. Mahoko ta ce ta lura, fuskarta ta nuna.

Lif ɗin ya zo ya buɗe, babu kowa a ciki. Babu wadda ta motsa, ya rufe ya wuce. Can ƙarshen barandar wani tsoho na tura sandar ƙarin ruwansa a hankali. Mahoko ta ce ba ta san me za ta yi da mutumin da ke cikin ɗakin can ba, kuma ba yau za ta sani ba. Amma likita ya ce nan da wata biyu zai koma gida, za a riƙa kawo shi gashin ƙafa da koyon tafiya sau uku a mako, kuma in abin ya yi kyau wata rana zai iya tuƙi. Motar gidan ma mai giyar hannu ce, shi ya zaɓe ta.

"Ki nemo mana wata, Yaya. Wadda ba ta da kuloci."

Kinuyo ta laluba aljihu ta sami takardar wurin ajiye mota, ta ari biron Mahoko, ta dafa takardar a bango.

"Mai kujera nawa?"

"Huɗu. Amma bayanta ya ɗauki keken marasa lafiya."

Ta rubuta, ta mayar mata da biron, ta sake danna lif.